Ranar da Na Tuƙa Kujerar Shugaban Lise

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta tsakiyar bazara ba, shekarar da nake ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. Ko da na so in manta, akwai mutane a Gaya da suka ɗauki nauyin tuna mini, kyauta, duk lokacin da muka haɗu wurin suna ko jana'iza.

A lokacin burina ɗaya ne a duniya: in zama matuƙin gwajin jiragen soja. A lura, ba matuƙin jirgi kawai ba. Matuƙi na gama-gari, a ganina na wancan zamanin, direban kamyo ne, irin mai tuƙa babbar motar kaya, da aka ɗaga sama. Ni wanda nake so in zama shi ne mutumin da ake miƙa wa jirgin da ba wanda ya taɓa tashi da shi, ko wanda aka kwance aka sake ɗaurawa, a ce mishi, “Hau ka gano mana ko zai faɗo.” Mushen (wato malamin) da ke koya mana fizik ne ya ambaci aikin sau ɗaya, yana cikin goge allo. Shi ya wuce ya ci gaba da darasinsa. Ni a nan na tsaya, shekara biyu cur.

Sai dai akwai 'yan abubuwa da ya kamata mai karatu ya sani game da ni. Ban taɓa shiga jirgin sama ba. Ban ma taɓa ganin shi a ƙasa ba, iyakata farin layin nan da yake bari a sama in ya nufi Kotonu. Wuri mafi tsawo da na taɓa hawa shi ne gadar Malambil, ita ma ba na leƙa ruwa in ina bisanta. Sannan ga babbar: ni mutum ne mai jiri. In na shiga mato zuwa Doso, kafin a wuce shingen jandarma na farko cikina ya fara yi mini shawara. Inna kan ƙulla mini lemon tsami da citta a leda, ta haɗa mini da wata ledar daban wadda babu komai a ciki. Ba mu taɓa yin maganar leda ta biyun ba, ni da ita.

Babana masunci ne, da kwalekwalensa, kuma su gadon gidanmu ne tun kakanni. Ya gwada ni a ruwa sau uku ina ƙarami. A na ukun ya maido ni bakin gaɓa, ya ajiye ni gaban Inna kamar kifin da bai kai na sayarwa ba, ya ce, “Wannan a kai shi lakwal.” Haka aka yi na zama ɗan boko. (Dangi har yau suna zaton don an ga alamar ƙwaƙwalwa ne.)

Duk wannan bai hana ni komai ba. Na raɗa wa kaina suna Pilot, na rubuta a bangon kowane littafi nawa, na yi ta amsa shi tun kafin a fara kirana da shi, har ya bi ni. 'Yan kabu-kabun bakin kasuwa in sun hango ni sai su ce, “Pilot, yaushe za a tashi?” Ni kuma in ɗaga musu babban yatsa, ba tare da na yi murmushi ba, don na lura a hotuna matuƙa ba su cika fara'a ba.

Baba shi nasa tsarin daban ne. In na samu bak, wato shaidar gama lise, in tafi makarantar horon malamai a Doso, in dawo in koyar, in yi aure, a huta. Mun yi ta ja a kan haka wata da watanni, irin jan da ake yi da Baba, wato ni in yi magana mai tsawo shi kuma ya ci gaba da ɗinkin komarsa.

Ana nan sai aka sanar a lise cewa wani Kanal na sojan sama, ɗan garin Bana, wanda ya yi ritaya ya dawo gida yana noman shinkafa, zai zo ya yi wa 'yan ajin ƙarshe bayani a kan aikinsa. Da na ji mene ne aikin nasa sai da na dafa tebur. Shi ne fa wanda in an gama babban gyaran jirgi ake ba shi ya fara tashi da shi. A ƙasar waje aka horar da shi. An kuma ce duk wanda ya ga ya dace, zai rubuta mishi takarda ya haɗa da takardunsa na konkur, wato jarrabawar shiga sojan sama a Yamai.

Na kai wa Baba labari ina haki. Ya saurara har na gama, ya ciji zare ya tsinka, sannan ya ce, “To, an samu alƙali. In mutumin ya dube ka ya ce za ka iya, je ka Yamai, ni zan raka ka tasha. In ya ce a'a, Doso.”

Na ce, “Na yarda, Baba.”

Ya ce, “Kuma zan zo in ji da kunnena, don na san ka da fassara.”

Sati guda na yi ina shiri. Na haddace sunayen jiragen yaƙi har na ƙasashen da ban san inda suke ba. Na haddace gudun sauti. Na shirya jawabi da Faransanci mai sakin layi uku, wanda ya fara da “Tun ina cikin zanen goyo”. Na haye Malambil wurin 'yan gwanjo na samo rigar fata baƙa, mai zip, mai gashi a wuya, irin ta mutanen ƙasashen ƙanƙara, da baƙin gilashi. Mai rigar har ya tambaye ni ko tafiya zan yi. Na ce ƙwarai.

Matsala ɗaya ta rage. Na ji an ce ba a ɗaukar ramamme, ni kuwa a lokacin kamar sandar rake nake da aka gama tsotsa. Sai na yanke shawarar ƙara nauyi a safiyar ranar. Na ci ɗumamen tuwon shinkafa da miyar kifi, na ƙara. Na bi da fari masa shida. Inna ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona, ta ce, “Azumi za ka ɗauka?” A ƙofar lise kuma na tarar da Bafulatanar da ke sayar da fura da nono, na ga bai kamata in wuce ta haka ba.

An kafa tanti a filin lise, ƙarƙashin itatuwan mangwaro. An jera kujeru, an kawo lasifika biyu manya. Ga wakilin perefe, wato shugaban gundumarmu, ga malamai, ga iyaye, ga Hajiya Fati shugabar ƙungiyar iyaye mata a sahun gaba da mahucinta. Baba yana can gefe a sahu na uku, cikin rigarsa ta Juma'a, ya ɗora hannuwa bisa gwiwa. Ƙarfe goma da rabi ne, kuma wanda ya san bazarar Gaya ya san a wannan lokacin ko ƙadangare inuwa yake nema. Ni ina cikin rigar fata, zip har wuya.

Ina jiran in ga dogon mutum cikin kaki, ƙirji cike da lambobi. Sai ga wani ɗan gajeren dattijo ya sauko daga bayan kabu-kabu, cikin kaftani ruwan ƙasa da silifas, gilashin karatu rataye a wuya da igiya. Na ɗauka wani ne daga cikin iyaye ya makara, har na ga shugaban lise ya tashi da sauri yana gyara kwat.

Bai yi Faransanci da yawa ba. Hausa ya yi, yana ɗan tsoma yaren Dendi don tsofaffi. Bai ambaci sunan jirgin yaƙi ko ɗaya ba. Ya ce aikin da ya yi shekara da shekaru, kashi mafi yawa rubutu ne. A tashi awa ɗaya, a sauko a yi awa huɗu ana rubuta abin da aka ji da abin da aka gani: ƙara kaza ta fito daga ina, a wane gudu, sitiya ta yi nauyi ta wane gefe. Na ji raina ya ɗan sosu. Na ce a zuciyata tsufa ne, ya manta wuraren daɗin.

Can sai ya juya ya ce da shugaban lise, “Mushe, ko akwai kujera mai juyawa a ofis?”

Akwai, guda ɗaya tak a duk lise ɗin, ta shugaban ce, kuma ko mataimakinsa bai taɓa zama bisanta ba. Aka ɗauko ta mutum biyu kamar amarya, aka ajiye a tsakiyar fili. Shugaban ya bi ta da ido har ta sauka.

Kanal ya ce, “Ina son mutum ɗaya wanda yake ganin...”

Bai ƙarasa ba, ina tsaye gabansa. Na buga ƙafa, na yi gardabu, wato ƙamewar soja, na sara. 'Yan ajinmu suka ɗauki “Pilot! Pilot!” Ya dube ni tun daga gilashi har takalmi, ya daɗe a kan gashin wuyan rigar.

Ya ce, “Ɗana, ba ka jin zafi?”

Na ce, “Ko kaɗan, mon kolonel.” (Zufa a lokacin ta riga ta kai cikin takalmina.)

“Madalla. Ka taɓa jin jiri? A mato, ko a kwalekwale?”

“Ban san shi ba, mon kolonel.”

Daga sahu na uku aka yi tari sau ɗaya. Na gane tarin.

“Ka ci abinci da safe?”

“Ɗan kaɗan.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce in cire gilashin in zauna. Ya roƙi Hajiya Fati aron gyalenta ya ɗaure mini ido. Ya ce za a juya kujerar, aikina kawai in riƙa faɗin abin da nake ji, da gefen da nake ganin muna juyawa, kada in ɓoye komai. Ya sa aka ba ni mikro a hannu don kowa ya ji. Wanda aka ba aikin juyawar kuwa shi ne Mushe Zakari, surbeyan, wato mai kula da ɗa'ar ɗalibai, ƙaton mutum wanda shekara uku yana nemana da laifin da zai kama bai samu yadda yake so ba. Na ji shi yana naɗe hannun riga.

Aka fara. Na ce, “Dama, mon kolonel.” Muryata ta fito a lasifika, ta yi mini daɗi ainun. Na ƙara kauri. “Dama. Har yanzu dama. Komai daidai.” Bayan ɗan lokaci na ji kamar gudun ya ragu, sannan ya tsaya. Na sanar da jama'a cewa mun tsaya. Na ji dariya kaɗan. Ashe a lokacin ne Mushe Zakari ya samu hannu sosai.

Sai kuma kwatsam na ji an kwashe ni zuwa hagu, da gudu irin wanda ban taɓa ji ba. Na riƙe hannun kujera, na kwanta gefe ɗaya don in daidaita jirgin, na ce da ƙarfi, “Hagu! Hagu, mon kolonel! Gudu ya ƙaru! Ina riƙe da shi!”

An gaya mini daga baya, mutane da yawa kuma dalla-dalla, cewa a wannan lokacin kujerar tsaye take cak. Mushe Zakari har ya koma gefe yana shan ruwa. Ni kaɗai ne a tsakiyar fili, daure da gyalen Hajiya, na karkace kamar buhun da ya zame daga kan jaki, ina ba da rahoton tafiyar da ba a yi.

Kanal ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce wa jama'a kada su yi dariya, wannan haka yake ga kowane ɗan Adam. Akwai wani ruwa a cikin kunne, in aka juya mutum aka tsayar, ruwan yakan ci gaba da tafiya, sai ya yi wa mutum ƙarya. Ya ce matuƙa da yawa sun mutu cikin gajimare don sun yarda da kunnensu sun ƙi yarda da agogon jirgi. Da a nan abin ya tsaya, da na koma mazaunina da sauran mutuncina.

Ya matso ya ce, “Yaya kake ji yanzu?”

Gaskiyar magana, a lokacin fura da miyar kifi sun riga sun gana, kuma ba su jitu ba. Na ce, “Lafiya lau, mon kolonel. A ƙara.”

Ya ce, “Ka tabbata?”

“Wannan wasan yara ne.”

(Ina so a san cewa ba wanda ya tilasta mini faɗin wannan jimlar. Ban ma shirya ta a gida ba. Ita ta zo da kanta.)

Ya ce to, wannan karon in kwantar da kaina bisa kafaɗa, in an tsayar in ɗago, in kwance gyalen, in tako taku biyar zuwa inda yake in sara mishi. Mushe Zakari ya ajiye kofin ruwa ya dawo bakin aiki.

Ban san zagaye nawa aka yi ba. Da aka tsaya na ɗago kai, sai filin lise ya tashi tsaye ya jingina da itacen mangwaro. Na kwance gyalen. Na ga Kanal har uku, na zaɓi na tsakiya, don a ganina shi ya fi kama da mai gaskiya. Na taka. Ƙafafuna suka ce su ma suna da ra'ayi. Na ƙirga taku biyar daidai, na buga ƙafa, na sara da dukkan ƙarfina, na ce, “A shirye nake, mon kolonel!”

Hajiya Fati ta ɗago ta dube ni, mahuci a hannu. Ta ce da Dendi, “Irkoy beri! Allah mai girma! Ɗan nan, ba ni gyalena.”

Kanal yana can bayana, wajen taku goma. Na yi niyyar juyowa irin ta soja, a dunduniya. Na juyo ɗin, sai dai ban tsaya ba. Na sauka a ƙasa a gefen dama, a hankali, hannuna yana nan a goshi bai sauka ba. Mikro ma ban sake shi ba.

Ya tako ya tsuguna kusa da ni. Ya yi magana a hankali, kamar likita. “Ɗana, gaya mini abin da kake ji.”

Ina kwance, kuncina a kan yashi, ina kallon silifas ɗinsa suna tafiya hagu alhali yana tsugune. Na ce, “Babu komai, mon kolonel. Komai daidai.”

Daga nan sai abin da na ci ya nemi hanya.

A irin wannan lokacin mutum yakan yi tunani da sauri, kuma ni na yi. Na ga ba zai yiwu in yi abin nan a gaban wakilin perefe ba, balle a kan silifas ɗin Kanal. Sai na yunƙura na durƙusa, na juya baya, na ja zip ɗin rigar ƙasa kaɗan, na tura kaina ciki. Da na gama na ja zip ɗin sama har wuya, na miƙe, na juyo, na yi gardabu. Rigar tana da roba a ƙugu, ta riƙe amana. A lissafina ba wanda ya ga komai.

Haka ne kuwa, ba wanda ya gani. Mikro ɗin ne kawai na manta na shiga da shi ciki. Masu sayar da rake a bakin hanya sun ce sun ji. Wani ɗan ajinmu da ya yi fashi ranar, gidansu na bayan lise, shi ma ya ce ya ji, har ya fito duba akuyarsu.

Na zaro mikro ɗin na miƙa wa Mushe Zakari. Ya dube shi, bai karɓa ba.

Kanal ya ce, “Kana so ka je ka huta?”

Na ce, “A'a, mon kolonel.”

Ya ce, “To tsaya nan gefe.”

Na tsaya. A rana. Minti wajen arba'in. Ba zan yi bayanin abin da ke faruwa a cikin rigar fata a bazarar Gaya a irin wannan hali ba, don mai yiwuwa wani yana karanta wannan yana cin abinci. Zan dai ce ƙudaje sun gano ni kafin minti biyar, kuma sahun da ke kusa da ni ya yi ta ja da kujeru baya a hankali, cikin ladabi, har na zama kamar wani ƙaramin gari mai zaman kansa.

Daga nan nake kallo lokacin da ya sake neman wani. Ba wanda ya motsa. Sai wata ɗiya 'yar ajinmu, Hawa, 'yar garin Tanda, wadda shekara uku muna aji ɗaya ban taɓa jin muryarta ta wuce tebur biyu ba, ta tashi ta fito. Ya tambaye ta ko tana jiri a mato. Ta ce, “Sosai ma, Baba.” Aka ɗaure mata ido, aka juya. (An kawo wani mikro.) Da aka tsayar ta ce, “Kaina yana ce mini ina tafiya hagu. Amma iska ta daina bugun fuskata, kuma muryarku tana fitowa daga wuri ɗaya. Ina zaton kujerar tsaye take.” A zagaye na biyu da ya ce ta tashi, sai ta ce, “Ba zan iya ba yanzu, zan faɗi. A ba ni minti ɗaya. Kuma a kawo bokiti, don zan yi amai.” Aka kawo. Ta yi. Ta kurkure baki, ta tashi, ta tako taku biyar ta tsaya gabansa. Ko sarawa ba ta yi ba.

Kanal ya sa gilashinsa, ya zaro ɗan littafi daga aljihu, ya ce, “Ɗiyata, sunanki da na mahaifinki.”

Da taro ya watse, shugaban lise ya raka kujerarsa ofis, sai Kanal ya nufo ni. Ya tsaya ɗan nesa, ta inda iska ke fitowa. Baba ma ya taso ya tsaya.

Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ne mahaifinsa.” Ya faɗe shi kamar mai amsa laifi a gaban alƙali.

Suka gaisa da Dendi, suka tambayi ruwa da shinkafa. Sannan Kanal ya dube ni ya ce, “Ɗana, ni wata shida na yi ina amai a jirgi. Da leda nake tashi a aljihun gwiwa. Jiri ba ya hana mutum wannan aikin, yana wucewa. Amma sau nawa na tambaye ka, sau nawa ka ce mini komai daidai? In na ba ka jirgin da aka gyara, ka tashi ka dawo ka ce mini komai daidai, gobe mutum arba'in zan zuba a ciki, da 'ya'yan mutane. Ka gane?”

Na ce, “Na gane, mon kolonel.”

“Yaya kake ji yanzu?”

Na buɗe baki. Wallahi “lafiya lau” ce ta taho, har ta kai haƙora. Na haɗiye ta, na ce, “Ina jin kamar in mutu.”

Ya ce, “Yawwa. Rahotonka na farko ke nan. Je ka wanke.”

Ba gida muka nufa ba. Baba ya sa ni gaba, muka bi ta bayan gari, inda ba mutane, har bakin kogi wurin da yake ɗaure kwalekwalensa. Na shiga ruwa har ƙugu, na buɗe zip, na cire rigar na yi ta ɗauraya. Yana zaune a bakin kwalekwalen yana kallon ruwan da ke wucewa. Can ya ce, “To, kifi dai ya koma gida.”

Ban yi dariya ba a lokacin. Shi ma bai yi ba. Amma na ga kafaɗunsa suna motsi, ya juya yana gyara igiyar da ba abin da ya same ta.

Da na fito ina ɗiga, na ce, “Baba, Doso ke nan.”

Ya ce, “Mutumin bai ce a'a ba. Ni ina wurin. Cewa ya yi kai maƙaryaci ne. In kana son konkur ɗin je ka yi, ba takardarsa.”

Na je kuwa, bayan bak. Baba ya raka ni tasha kamar yadda ya ce. A Yamai likitan soja ya tambaye ni ko ina jiri, na ba shi tarihi tun daga kwalekwale, har ya ce ya isa haka. Ba jirin ne ya kayar da ni ba. Idona na hagu ne, wanda ashe bai taɓa ganin layi na huɗu a allon gwaji ba, ni kuma ban taɓa rufe na dama in tambaye shi ba. Daga can na wuce Doso. Yau shekara da shekaru ina koyar da lissafi, kuma ina son aikin fiye da yadda zan yarda a gaban Baba.

Hawa ta ci konkur ɗin. Tana tuƙa jirgin ɗaukar kaya na soja, kuma na ji an ce an fara ba ta waɗanda suka fito daga gyara. In ta zo hutu muka haɗu a kasuwa takan gaishe ni da mutunci, ba ta taɓa tayar da maganar ba, abin da ya fi tayarwar ciwo. (A'a, ba ita na aura ba. Na san akwai masu jiran haka.)

Abin da na koya shi ne, in wanda ya san aikinsa ya tambaye ka yaya kake ji, ba jarumtarka yake nema ba, labari yake nema, ka ba shi. Na riƙe wannan sosai, har na so in wuce gona da iri. Watan farko da aurena, surukata ta yi mana miyar kuka da hannunta, ta aiko, washegari da na je gaisuwa ta ce, “Ɗana, yaya ka ji miyar? Gaya mini gaskiya.” Na gyara zama na ba ta cikakken rahoto: gishiri ya yi nauyi ta gefe ɗaya, daddawa ta makara, akwai kuma wani ɗan ƙauri da ke fitowa daga ƙasa.

Sai da kawunnaina biyu suka je ba da haƙuri, da goro. Tun daga ranar na san cewa dokar Kanal ta jiragen sama ce. Miyar suruka kuwa, ko me ka ji a ciki, komai daidai.